Saƙar Safa

Idan watan Disamba ya kama, hunturu ya sauka sosai, kowa ya san inda sanyi ya fi cin mutum. Ƙafa ce. Tsoho ya lulluɓa da bargo, amma ƙafarsa kamar ƙanƙara. Jariri ya yi ta kuka da dare, uwa ta rasa dalili, sai ta taɓa tafin ƙafarsa ta ji shi sanyi ƙalau. Dunduniya ta yi faso, har wani ya kasa taka ƙasa da asuba.

Maganin wannan ba shi da tsada. Zare ne, da tsinke huɗu, da ƙidaya. Yau za mu koyi saƙar safa.

Da mace zan yi magana, don a wajenmu mata sun fi yin wannan aiki. Amma kada namiji ya ce ba ruwansa. Hannun da ya iya ɗinkin hula ba zai kasa safa ba. A Turai ma, a zamanin da, maza da yawa da ita suke ci. Makiyayi yana bin tumakinsa yana saƙa.

Aikin tsoho ne. A ƙasar Masar an tono safa waɗanda aka saƙa da hannu shekara wajen 800 da suka wuce, ko fiye. Da zaren auduga aka yi su, fari da shuɗi. Wasu har da rubutun Larabci a jikinsu. Sai a shekarar 1589 wani mutumin Ingila, William Lee, ya ƙago injin saƙa safa. Yanzu inji ne ke yin kusan duk safar da ke kasuwa. To, me ya sa za mu wahala? Domin inji bai san ƙafar kakarki ba. Ke kin sani.

Kayan aiki

Ki nemi tsinken saƙa guda 4, masu tsini kai biyu. Tsawon kowanne kamar taƙi ɗaya. In babu na saya, ki sami tsinken tsire mai ɗan kauri, ki feƙe bakinsa duka biyu, ki goge shi har ya yi santsi. In bai yi santsi ba zai riƙa kama zare.

Sai zare. Ulu na ainihi daga gashin tumaki ake yinsa, amma ba irin tumakinmu ba. Uda da Balami da 'Yankasa gashinsu gajere ne, ba ya kaɗuwa. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa na roba ne, a masana'anta ake yinsa. Yana da araha, yana wankuwa, yana da ɗumi. Aibinsa biyu ne. Ba ya shan gumi sosai, kuma wuta na narkar da shi. Ki riƙe wannan na biyun, za mu komo kansa. Zaren auduga yana shan gumi, amma ba ya miƙewa ya koma, sai safa ta riƙa zamewa.

Ki zaɓi zare matsakaici. In ya yi siriri, aikin zai daɗe. In ya yi kauri, ƙafa ba za ta shiga takalmi ba. Ki sayi wanda zai isa safa biyu a rana ɗaya, don in kin koma kasuwa ba lalle ki sami launin ba.

Abu na ƙarshe, littafinki da fensir. Kada ki yi dariya. Bari in ba ki labari.

Safar da na fara saƙawa ta kakata ce. Na gama ta farko cikin kwana tara, ina ta murna. Na kama ta biyu, ina cewa ai na riƙe komai a ka. Ranar da na kai mata, ta sa ɗaya ta zauna daidai. Ta sa ɗayar, dunduniyar safa ta tsaya mata a tsakiyar tafin ƙafa. Ta dube ni ta ce, "Ke kishiya, wannan tawa ce, na gani. Wannan kuwa ta wa ce? Ko kin yi mini 'ya ban sani ba?" Duk gidan aka kwashe da dariya. Na kwance ta kaf, na sake. Hula ɗaya ake saƙawa, in ta ɗan fi girma babu mai ganewa. Safa biyu ce, kuma kusa da juna suke tafiya. Saboda haka duk lambar da kika ƙidaya a ta farko, ki rubuta.

Ido da layi

Kowane zarge da ke bisa tsinke, mu kira shi ido, kamar idon raga. Saƙa iri biyu ce kawai. Akwai saƙar gaba: zare yana bayan aiki, ki soka tsinke cikin ido, ki naɗa zare, ki jawo sabon ido, ki sauke tsohon. Akwai saƙar baya: zare yana gabanki, ki yi haka nan ta wajenki. A nan gani ya kori ji. Ki zauna kusa da wadda ta iya, rabin sa'a ya isa hannunki ya kama.

Awo

Kafin ki fara safa, ki ɗora ido 20, ki saƙa ɗan ƙyalle. Ki aza abin awo na tela a kansa, ki ƙidaya ido nawa ne cikin inci ɗaya. Hannu ya bambanta. Wata tana matsewa, wata tana sakewa. Mu ce kin sami ido 6.

Sa'an nan ki auna ƙafar mai safa. Ki zagaya ta inda ta fi faɗi, gab da yatsu. Mu ce inci 9 ne. Ki cire inci 1, don safa ta kama ƙafa. Saura 8. To, 8 sau 6 nawa ke nan? 48. Ki rubuta. Ki auna tsawon ƙafa kuma, daga dunduniya zuwa babban yatsa. Shi ma ki rubuta.

In surukarki za ki yi wa, na san ba za ki iya kama ƙafarta ki auna ba. Ki aiki yaro ya aza kara a kan takalminta, ya karya shi daidai tsawon sawunta. Ƙanwar mijinki kuma ta zagaya miki ƙafar da zare, ta ƙulla.

Baki da ƙwauri

Ki ɗora ido 48, ki raba su bisa tsinke uku, 16 kowanne. Kada ki matse ɗorin. Ki haɗa su kamar murhu mai duwatsu uku, ki duba kada layin ya murɗe. Tsinke na huɗu shi ne mai aiki. In ya kwashe idon tsinke ɗaya, wanda ya zama fanko ya karɓi aiki. Haka za ki yi ta zagayawa.

Ki fara da biyu gaba, biyu baya, har inci 2. Wannan shi ke sa bakin safa ya riƙe ƙwauri. Daga nan saƙar gaba zalla, har tsawon ya kai inci 6. Nan babu wuya. Ana yi ana hira.

Dunduniya

Nan kuwa a daina hira. A nan ne mata da yawa ke ajiye aiki, su ce safa ta fi ƙarfinsu. Ba ta fi ba. Ƙafa ba miƙaƙƙiya ba ce, ta yi kwana a dunduniya. Dole safa ita ma ta yi kwana. Ga yadda ake sa ta.

Ki raba 48 gida biyu. Ido 24 na bayan ƙafa ne, watau samanta. Ki bar su su huta. Sauran 24 ki tara su bisa tsinke ɗaya. Yanzu ba zagayawa za ki yi ba. Ki je da saƙar gaba, ki juya, ki komo da saƙar baya. Ki yi layi 24. A farkon kowane layi, ki ɗauke ido na fari zuwa ɗaya tsinken ba tare da kin saƙa shi ba. Za ki ga gefen ya yi kamar sarƙa. In kin gama, ki ƙidaya. Sarƙa 12 ce a dama, 12 a hagu. Abin da kika saƙa ya fito kamar harshe. Shi zai rufe bayan dunduniya.

Yanzu sai kwana. Ki raba 24 ɗin nan gida uku a zuciyarki: 8 a dama, 8 a tsakiya, 8 a hagu. Na tsakiya za su cinye na gefe, ɗaya bayan ɗaya.

Ki saƙa ido 15 da saƙar gaba. Ki haɗa na 16 da na 17, ki saƙe su tare, su zama ɗaya. Ki tsaya nan, ki juya aikin, ko da yake layi bai ƙare ba. Ki ɗauke ido ɗaya, ki saƙa 6 da saƙar baya, ki haɗa biyu, ki juya. Ki ɗauke ɗaya, ki saƙa 6 da saƙar gaba, ki haɗa biyu, ki juya. Haka, haka, har na gefe su ƙare. Ido 8 za su rage. Ki ɗaga aikin ki duba. Ya yi ɗan ƙoƙo. Ki sa babban yatsanki a ciki. Dunduniya ke nan. Ni har yau, duk sa'ad da na kawo nan, sai na nuna wa na kusa da ni.

Sa'an nan ki bi sarƙar gefe ɗaya, ki tsamo ido 12. Ki saƙa 24 ɗin da suka huta. Ki tsamo 12 a ɗaya gefen. Mu yi lissafi: 8 da 12 da 24 da 12, 56 ke nan. Da nawa muka fara? 48. Ashe 8 sun yi yawa. Ki koma zagayawa. A zagaye ɗaya ki haɗa biyu a gefen dama na idon sawu, ki haɗa biyu a gefen hagu. Zagaye na biye kada ki rage. In kin rage sau huɗu, kin komo 48.

Tafi da yatsu

Ki ci gaba da saƙar gaba, kina ƙidaya zagaye, kina yin zane a littafi. Ki tsaya sa'ad da ya rage inci 2 ki kai tsawon ƙafa. In ƙafa inci 10 ce, ki tsaya a 8, awo daga bayan dunduniya.

Yanzu ki riƙa rage ido 4 a zagaye, 2 ta wajen babban yatsa, 2 ta wajen ƙarami. Zagaye ɗaya ragi, ɗaya babu, har su zama 24. Daga nan kowane zagaye ragi, har su zama 8. Ki yanke zare da ɗan tsawo, ki zura shi a allura, ki bi cikin ido takwas ɗin, ki ja su rufe. Kada ki yi ƙulli. Ƙulli a cikin safa kamar tsakuwa ne a takalmi. Ki saƙala bakin zaren ta ciki, ki ɓoye shi.

Ranar da kika gama ta farko, a ranar za ki ɗora ta biyu. In kin bari sai gobe, sai jibi, bazara za ta same ki da safa ɗaya.

Wa za a ba?

Safa ta fi daɗin bayarwa ga mutum biyu, tsoho da jariri. Su ne sanyi ya fi kamawa.

In tsohuwa ce, ki haɗa mata da ɗan man kaɗe. Ta wanke ƙafa da dare, ta shafa, ta sa safa, ta kwanta. Faso yakan yi sauƙi da haka. Amma ki gaya mata da babbar murya kada ta miƙa ƙafa bakin wuta da safar roba. Zaren yana narkewa ya manne da fata, ƙunarsa mummuna ce. In mai ciwon suga ne, ko mai kumburin ƙafa, bakin safa ya zama sakakke. In an cire aka ga ya yi shaida a ƙwauri, ya matse, a sake shi. Mai ciwon suga sau da yawa ba ya jin ƙafarsa sosai, ba zai ce miki ta dame shi ba.

In ta suna ce, aikin kwana biyu ne ko uku, har kina iya somawa ranar da kika ji haihuwa. Ƙafar sabon jariri kamar inci 3 ce. Kafin ki kai wa maijego, ki juya safar ciki waje, ki duba da kyau. Kada ki bar zare mai lilo ko gashi a ciki. Yana iya naɗe ɗan yatsan jariri ya hana jini wucewa, shi kuwa ba shi da bakin faɗa.

Wajen wanki, ruwan sanyi da sabulu kaɗan. Ruwan zafi yana sa ulu na ainihi ya tsuke, safar uba ta koma ta ɗa. A matse a hankali, a shimfiɗa a inuwa. Ragowar zaren kuma ki ajiye. Dunduniya ce ke fara hujewa, za a komo miki da ita.

Aikin gida

Idon safar jariri rabin na ta babba ne. Da ido 24 ake farawa. Ki buɗe littafinki, ki rubuta amsar waɗannan.

Ido nawa ne bisa kowane tsinke?

Ido nawa ne na dunduniya, kuma layi nawa za a yi?

In an raba su gida uku, nawa ne a tsakiya?

In an tsamo na gefe duka, nawa suka zama? Nawa za a rage?

Ranar aji mai zuwa kowace ta zo da amsarta, da tsinke huɗu, da ɗan zare ko da tsohon da aka kwance ne. Wadda ta riga ta iya ta zauna kusa da wadda ba ta iya ba.