Yadda Ake Kafa Farantin Sola A Kan Rufi

A ƙauyuka da yawa ana samun wuta daga hasken rana. Farantin sola ne yake kama hasken. Yana da tsada, kuma fuskarsa gilashi ce. Babba yakan kai nauyin kilo 20 ko fiye. Idan iskar farkon damina ta fizge shi, an yi asarar kuɗi. Idan kuwa ya faɗo kan mutum, abin ya wuce maganar kuɗi.

A Duba Rufi Tukuna

Maigida ya kira kafinta ya duba katakon rufi. Idan gara ta ci shi, a sake wani. Kwano shi kaɗai ba ya riƙe faranti. Dole ne ƙarfen da ke riƙe da shi ya kama katakon da ke ƙarƙashin kwano, a ɗaure da noti. Kada a ɗaure da igiya. Kada a danne da dutse. Duk inda aka huda kwano, a liƙe don kada ɗaki ya yi yoyo.

Ba a ɗora faranti a kan jinka. Soro kuwa, in an huda shi, ruwa zai shiga ya ruɓar da azara. Mai irin wannan ɗaki ya kafa turken ƙarfe a ƙasa da siminti.

Inda Zai Fuskanta

A ƙasar Hausa faranti kudu yake fuskanta. A ba shi ɗan gangare don ruwan sama ya wanke ƙura. A guji inuwar bishiya, domin tana rage wuta. A bar rata kamar faɗin tafin hannu tsakaninsa da kwano, iska ta riƙa sanyaya shi.

Lafiyar Mai Aiki

1. Mutum ɗaya ba ya wannan aiki. Wani ya riƙe tsani.
2. Kada a hau rufi da raɓa, ko hadari, ko iska.
3. A taka layin ƙusa, nan katako yake. Kada a taka gilashin.
4. A nisanci wayar lantarki.
5. Faranti yana ba da wuta muddin haske ya taɓa shi. A rufe fuskarsa da kwali kafin mai gyaran wuta ya haɗa waya.

Kowace shekara, kafin ruwan farko, a sake ɗaure notin. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a ɗaure faranti a kwano kaɗai?
2. Mai ɗakin jinka ina zai kafa nasa?