WUTAR DA KE KWANA DA MU A GIDAJEN BENE



Makon jiya na je duba wani ɗalibina da ba shi da lafiya, yana haya a hawa na uku na wani bene. Tun daga ƙofa na ga abin da ya tayar mini da hankali. Matattakala ɗaya ce tak a ginin, kuma a ƙarƙashinta an jera babura biyu, janareta, da jarkar fetur. Kowace taga an danne ta da ƙarfe, babu wadda ake buɗewa. Na tambaye shi, in wuta ta tashi a ƙasa da daddare ta ina za ku fita? Sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai Allah ne mai tsarewa."

Gaskiya ya faɗa, amma ya aje ta a inda ba wurinta ba. Wanda ya koya mana tawakkali shi ne ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari (RA) cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Da labari ya iso wa Manzon Allah (SAW) sai ya siffanta wuta da maƙiyiya, ya yi umarni a riƙa kashe ta idan za a kwanta. A ruwayar Abu Dawud daga Ibn Abbas (RA) kuma, ɓera ne ya jawo lagwanin fitila ya yar a kan 'yar tabarmar da Annabi (SAW) yake zaune, ta ƙone gwargwadon dirhami. Imamun Nawawi ya yi bayani a sharhin Sahihu Muslim cewa dalilin umarnin shi ne tsoron gobara: inda ake wannan tsoron hukuncin ya hau, inda aka aminta babu laifi. To ɗan'uwa, ka ɗauki wannan ma'auni ka zagaya ɗakinka da shi. Ƙwan lantarki ba shi ne matsalar ba. Fitilar zamaninmu ita ce hitar dafa ruwa da aka bari a bokitin roba, dutsen guga da aka manta a jone, kaskon garwashin hunturu, turaren wutar uwargida kusa da labule, da maganin sauron da aka kunna a gefen katifa.

Hita da dutsen guga sai na ɗan tsaya a kansu, don duk mun san yadda abin yake faruwa. An ɗauke wuta, mutum ya bar abin a jone ya fita ko ya yi barci, ƙarfe biyun dare NEPA ta dawo. Ruwan ya tafasa ya ƙafe, robar ta narke, shi ke nan. Ka mayar da shi al'ada, da an ɗauke wuta ka bi soket-soket ka kashe. Haka jona firiji, talabijin da hita duka a kan ekstenshin guda mai araha. In ka taɓa waya ka ji ta da zafi, gargaɗi take yi maka.

Gidan bene ya bambanta da gidan ƙasa ta fuska ɗaya babba: sakacinka ba kai kaɗai yake ci ba. Ranar 14 ga Yuni 2017 wuta ta tashi daga firiji a hawa na huɗu na benen Grenfell a Landan, gini mai hawa 24 da matattakala ɗaya. Abin da aka lulluɓe bangon waje da shi ya ɗauki wutar ya haura da ita sama, mutum 72 suka rasu. Cikin Ramadan ne, kuma wasu Musulmi da ba su kwanta ba saboda sahur suna cikin waɗanda suka riƙa buga ƙofofi suna tashin maƙwabta. Wannan a ƙasar da ke da kayan aiki ke nan. Don haka wanda ya toshe matattakala da kaya, ko ya ɓoye fetur a ɗaki, haƙƙin maƙwabci ya taka. Shi ma mai gidan da ya karɓi kuɗin haya ya sa waya marar kyau, ya rufe tagogi da ƙarfe babu ƙofar tsira, ya shirya amsar da zai bayar. Aƙalla taga ɗaya a kowane sashe ta zama mai buɗuwa, makullinta a rataye inda yaro ma ya sani. Makullin get kada ya kwana a aljihun mutum ɗaya.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, galibi hayaƙi ne ke kashe mutane kafin harshen wuta ya iso. Mai barci ba ya jin wari kamar na farke. Garwashi da janareta ma ba sai sun yi gobara ba: suna fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ko wari, a rufaffen ɗaki sai a wayi gari iyali ba su tashi ba. Janareta wurinsa waje ne, nesa da taga, ba baranda ko lungun matattakala ba. Akwai 'yar na'ura mai batir da ake maƙalawa a silin, tana ƙara da ta ji hayaƙi. Wanda ya iya sayen babbar waya ya iya sayenta.

In ka shigo ka ji warin gas, kada ka kunna ko ka kashe makunnin lantarki, kada ka ƙyasta ashana. Rufe kan tukunyar, buɗe ƙofa da tagogi, a fita. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Gwajin yoyo da ruwan kumfar sabulu ake yi a kan tiyo, ba da ashana ba, wallahi na ga mai yin haka. 'Yan'uwa mata, in mai ya kama a kasko kada a watsa ruwa, tashi zai yi ya bi fuska. A kashe murhu, a rufe da murfi. Wutar lantarki ma ba a zuba mata ruwa sai an kashe daga babban makunni.

Idan ta fi ƙarfinku, a fita, a ja ƙofar ɗakin da ke ci a rufe don ta rage mata iska. A sunkuya ko a rarrafa, iska mai kyau tana ƙasa. Ba a shiga lif. Kada a koma don takardu ko gwal. In hanya ta toshe, a shige ɗaki mai taga, a cusa jiƙaƙƙen zane a ƙasan ƙofa, a yi ihu ta taga. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, a Nijar 18 ce ta 'yan kwana-kwana, kuma ka nemi lambar ofishinsu na garinku ka adana tun yau. Wanda tufarsa ta kama kada ya ruga, ya kwanta ya yi birgima. Ƙuna kuwa ruwan famfo mai sanyi ake sakar mata kamar minti 20 sannan a tafi asibiti. Ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba manja.

Wani zai ce ai wanda ya mutu a gobara shahidi ne. Haka ne, ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kuma muna yi wa waɗanda suka rasu fatan wannan daraja. Amma hadisin bai wanke wanda ya aje jarkar fetur a ƙarƙashin matattakala ba.

Ɗalibin nawa ya kira ni jiya, ya ce an fitar da jarkar da janaretan. Baburan dai suna nan, masu su sun ce a waje za a sace. Na ce masa su haɗu su je wurin mai gidan ranar Juma'a, in ya so ni ma zan raka su.