Darasi: Yadda Ake Ƙaga Labari a Rubuta

A karkara ba a rasa gwanayen labari. Tsohuwa ta san Gizo da Ƙoƙi. Maharbi ya san abin da ya gani a dawa. Abin da ya rage shi ne a sa labarin a takarda, kuma wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci yana iya yin haka.

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano shaida ce. An cire ta daga makaranta tana ƙarama, aka yi mata aure. Daga baya ta shiga ajin manya. A 1987 ta fitar da littafinta Budurwar Zuciya, a 1990 kuma Alhaki Kuykuyo Ne. Zaman gidan aure da kishi ta rubuta, wato abin da ta sani.

To, ta ina ake farawa? Da mutum ɗaya ake farawa, mai neman wani abu, wani abin kuma ya tare masa hanya. Misali, Tanko ya ci bashin buhun gero da damina, zai biya biyu da kaka. Ruwa ya ɗauke da wuri. Mai bashi ya aiko. A gidan babu abin sayarwa sai akuyar matarsa, wadda uwarta ta ba ta. Zai roƙe ta ne, ko zai kai akuyar kasuwa a ɓoye? Nan labari yake. Da gero ya yi kyau ya biya bashinsa, da babu abin rubutawa.

Sabon marubuci yakan yi saurin yanke hukunci. Sai ya rubuta, "Mai bashi marowaci ne." Wannan bai isa ba. Gara a nuna shi yana jin sallamar baƙo, ya tura ƙwaryar fura ƙarƙashin gado. Mai karatu zai gane da kansa, har ya yi dariya.

A lura da magana kuma. Matar Tanko ba za ta kira sunansa ba, sai dai ta ce Malam ko Maigida. Yaro ba ya magana irin ta dattijo. In mutum ya buɗe baki, a sa maganarsa cikin alamar zance, a sauka sabon layi.

Kada a sa sunan maƙwabci na gaskiya. Takarda tana yawo hannu zuwa hannu, ƙarshenta a taru gaban mai unguwa. A sake suna, a sake gari.

Shi kuwa malamin aji, ya bar ɗalibi ya faɗi labarinsa da baki tukuna. Sannan ya rubuta layi biyar kawai, ya karanta wa 'yan aji da ƙarfi. Inda suka ce, "Sai me ya faru?" wurin ya yi kyau. Inda suka fara hira, wurin yana son gyara. Malami ya ajiye jan biro a ranar farko. Magidancin da aka cika wa takarda da ja a gaban ƙannensa, da wuya ya dawo aji. Gyaran ƙ da ɗ da aya da waƙafi ya jira mako na biyu.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya rubuta layi biyar a kan abin da Tanko ya yi da akuyar, da abin da matarsa ta ce masa.