Darasi Daga Yaƙin Mu'uta: Kwamandan Da Ya Dawo Da Mutanensa Da Rai

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, kwanakin baya wani matashi ya yi min tambaya ta saƙo: shin duk sojan da ya janye daga fagen fama ya aikata laifin gudu daga yaƙi, wanda aka lissafa cikin manyan zunubai? Na ga gara in amsa masa da labarin Mu'uta.

A watan Jumada Ula, shekara ta 8 bayan Hijira (629 Miladiyya), Annabi (S.A.W) ya tura runduna mai mutum 3,000 zuwa ɓangaren Sham. Dalili kuwa, manzonsa Harisu ɗan Umair yana ɗauke da wasiƙa sai Shurahbil ɗan Amru Bagassane, wanda ke ƙarƙashin Rumawa, ya tare shi ya kashe. Annabi (S.A.W) ya naɗa Zaidu ɗan Harisa kwamanda, in an kashe shi Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya karɓa, in shi ma ya faɗi sai Abdullahi ɗan Rawaha. Ku lura, tun ba a bar Madina ba kowane soja ya san wanda zai bi idan na gaba ya faɗi. Kuma Zaidu, wanda 'yantaccen bawa ne, shi aka sa a gaban ɗan baffan Annabi.

Da suka isa Ma'an, a kudancin ƙasar Jodan ta yau, sai labari ya zo cewa Rumawa da ƙabilun Larabawa masu goya musu baya sun taru tamkar fari. Littattafan sira sun ambaci dubu 200. Wasu masana na ganin adadin ya yi yawa, amma babu saɓani cewa sun ninka musulmi sau da dama. Kwana 2 sahabbai suka yi a nan suna shawara, wasu na cewa a rubuta wa Annabi ko ya ƙaro dakaru ko ya ba da wani umarni. Babu wanda ya ce musu munafukai don sun tsaya sun yi lissafi. Ɗan Rawaha ne ya zaburar da su, aka ci gaba har Mu'uta, kusa da garin Karak.

Zaidu ya yi ta yaƙi da tuta a hannu har māsu suka gama da shi. Ja'afar, wanda bai daɗe da dawowa daga Habasha ba, ya sauka daga dokinsa ya shiga da ƙafa. Aka sare damansa ya riƙe tuta da hagu, aka sare hagun ya rungume ta da abin da ya rage. Abdullahi ɗan Umar, wanda yana cikin rundunar, ya ce sun ƙirga raunuka casa'in da wani abu a jikinsa.

Amma ni wurin da ya fi taɓa ni shi ne na ɗan Rawaha. Mutumin da ya ƙarfafa wa kowa gwiwa a Ma'an, da tuta ta zo hannunsa sai ya ɗan yi turus, ya tsaya yana ja-in-ja da zuciyarsa. Wani ɗan uwansa ya miƙo masa ƙashi da ɗan nama ya ce ya ƙarfafa jikinsa, don ya sha wuya a kwanakin. Ya yagi loma ɗaya, ya ji ƙarar artabu, ya jefar ya ɗauki takobi. Malaman sira ba su ɓoye wannan turus ɗin ba. Soja mutum ne, yana jin yunwa, yana jin tsoro.

To yanzu duk kwamandoji ukun sun tafi. Sabitu ɗan Aƙram, mutumin da ya halarci Badar, ya ɗaga tuta ya ce jama'a su zaɓi shugaba. Suka ce kai. Ya ƙi. Aka haɗu a kan Khalid ɗan Walid, wanda musuluntarsa a lokacin ba ta wuce 'yan watanni ba. Ba Badar yake ba, a Uhudu ma shi ya zagayo wa musulmi ta baya. Amma Sabitu ya san wanda ya fi shi sanin yaƙi, bai kuma ji nauyin miƙa masa ba.

Khalid bai karɓi tuta don ya ɓuya ba; da bakinsa ya ce takubba 9 ne suka kakkarye a hannunsa a ranar, ba abin da ya jure sai wani faffaɗan takobi ƙirar Yaman. Sai dai ya duba ya ga in aka ci gaba a haka rundunar ƙarewa za ta yi. Waƙidi ya kawo cewa ya sauya jerin mayaƙa, na dama suka koma hagu, na baya suka dawo gaba, har Rumawa suka ga sababbin fuskoki suka zaci taimako ne ya iso. Daga nan ya riƙa ja da baya sannu a hankali, sahu bai watse ba, abokan gaba kuma ba su bi su cikin hamada ba. Waɗanda aka ambata sunayensu cikin shahidai kusan 12 ne.

A Madina kuwa, tun labari bai iso ba Annabi (S.A.W) ya sanar da shahadar mutum ukun idanunsa na zubar da hawaye, ya kira wanda ya karɓi tutar takobi daga cikin takubban Allah. Ya je gidan Ja'afar ya rungumi 'ya'yansa, sannan ya ce a dafa wa iyalan abinci domin abin da ya shagaltar da su ya same su. Kwamandan ƙoli ke nan fa, yana tunanin tukunyar gidan sojan da ya rasu.

Wani abu ya faru a wannan tafiya da ba a cika faɗa ba. Wani Bahimyare ya kashe Barume mai sirdi da makamai na zinari, Khalid ya ga ganimar ta yi yawa ya hana shi wani ɓangare. Aufu ɗan Malik ya kai ƙara, Annabi ya ce a ba shi. Sai Aufu ya ja mayafin Khalid yana yi masa gori. Nan take Annabi ya fusata ya ce kada a bayar, ya kwatanta kwamandoji da makiyayin da ya kai dabbobi mashaya: su sha garau, a bar masa gurɓataccen. Ƙarar an saurare ta, wulaƙanta shugaba a gaban dakarunsa ne ba a yarda da shi ba.

Amsar tambayarka ke nan, ɗan uwa. Aya ta 16 a Suratul Anfal da ta yi narko a kan juya baya ita da kanta ta keɓe mai dabarar yaƙi da mai komawa ga rundunarsa. Wanda ya yar da makami ya bar 'yan uwansa daban, kwamandan da ya janye mutanensa cikin tsari daban.

Amma mutanen gari ba su fahimci haka nan da nan ba. Ibn Ishaƙ ya kawo cewa da rundunar ta iso, wasu suka riƙa watsa musu ƙasa suna kiransu magudana, har Annabi (S.A.W) ya kare su, ya ce masu sake kai hari ne in Allah ya so. Mu da ke zaune a inuwa da waya a hannu, muna yanke wa masu bakin daga hukunci a Facebook, mu ji abin da kalmar ta yi wa mutum guda. Ummu Salama (R.A) ta lura Salama ɗan Hisham ba ya zuwa salla tare da Annabi, ta tambayi matarsa. Matar ta ce ai ba ya iya fitowa, duk sanda ya leƙo sai a yi masa ihun magujin yaƙi, shi ya sa ya zauna a gida. Wannan fa mutum ne da ya sha ɗauri da azaba a Makka saboda addininsa, wanda Annabi ya riƙa ambaton sunansa cikin ƙunuti. Ƙasa da wata 5 bayan Mu'uta aka buɗe Makka, Khalid na jagorantar ɗaya daga cikin rundunonin da suka shige ta.

Wallahu a'alam.