Reggie Rockstone da Zaɓin Harshe a Waƙar Hiplife ta Ƙasar Gana

Gabatarwa

Hiplife salon waƙa ne da ya kunno kai a ƙasar Gana cikin shekarun 1990, wanda ya gwama gambarar zamani ta Amurka da kiɗan highlife na gida. Wannan muƙala ta dubi rayuwar Reginald Ossei, wanda aka fi sani da Reggie Rockstone, domin nuna cewa zaɓin harshe shi ne ginshiƙin gudummawarsa.

Tasowarsa da Ayyukansa

An haifi Rockstone a Ingila, mahaifinsa kuwa shi ne Ricci Ossei, fitaccen mai zayyana tufafi. Ya fara yin suna a Landan cikin ƙungiyar PLZ, inda yake waƙa da Ingilishi. A shekarar 1994 ya koma Akra, ya haɗa gwiwa da DJ Rab Bakari, ya shiga rera gambara da harshen Twi. A lokacin, matasa da yawa na ganin cewa wannan salo ba ya karɓuwa sai da Turancin Amurka. Kundinsa na farko, Makaa Maka (1997), ya rushe wannan zato. Daga bisani Me Na Me Kae da Me Ka da Last Show suka biyo baya, kuma ya sami lambar yabo ta Kora a 2004.

Alaƙarsa da Hausar Zango

Ƙofar da ya buɗe wa Twi ba ta tsaya ga Twi kaɗai ba. Matasan Nima, unguwar zango a Akra, sun kafa ƙungiyar VIP, suna sarƙa Hausa da Twi da sauran harsuna a waƙoƙinsu. Kundinsu Ahomka Womu (2003) ya game ƙasar. Bayan ficewar Promzy, Rockstone ya shiga cikinsu a 2014, sunan ƙungiyar ya koma VVIP. Ta haka jagoran salon ya zama abokin aikin waɗanda suka taso a inuwarsa.

Kammalawa

Tarihin Rockstone ya nuna cewa harshe na samun sabon fage ne idan mawaƙi ya yarda zai iya ɗaukar sabon kiɗa. Saboda haka, ya kamata manazarta su sanya waƙoƙin zango cikin nazarin waƙar baka ta zamani, domin a cikinsu ne ake jin Hausar Gana yadda matasanta ke furta ta.