Darasi na Goma Sha Huɗu: Ɗan Bahaushe a Makarantar Mishan ta Legas

Ya ku ɗalibai, ku da kuke koyon Hausa a matsayin harshe na biyu kun san wuyar zama a aji ana magana da harshen da ba da shi aka rene ku ba. A wannan darasi za mu dubi wanda yake shan irin wannan wuya ta ɗaya ɓangaren: yaron da Hausa ce harshen gidansu, amma an haife shi a Legas, a Jankara ko Agege, an kuma sa shi a makarantar firamare ta Katolika. Ku karanta a hankali, ku lura da kalmomi irin su "yakan" da "sukan", domin za mu koma kansu daga baya.

Yadda suka zama maƙwabta

Hausawa ba baƙi ba ne a Legas, garin da kakanninsu suke kira Ikko. Ingila ta karɓi mulkin garin a 1861. A 1863 wani jami'inta mai suna John Glover ya kafa ƙaramar runduna ta Hausawa, mafi yawansu bayi ne da suka sami 'yanci, kuma daga wannan runduna ake fara ba da tarihin sojan Nijeriya. Daga baya hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Legas da Kano a wajen 1912. Manoman Agege suna noman goro, mutanen Arewa kuwa suna bukatarsa, sai fatake suka riƙa sauka a tashar Agege suna saye suna lodi. Zangon da suka yada ya zama unguwa, unguwa ta yi sarkin Hausawa. A Tsibirin Legas ma akwai 'yan kasuwa Hausawa a kewayen kasuwar Jankara, inda ake sayar da magungunan gargajiya da duwatsun ado da kayan gwanjo.

Su ma 'yan Katolika sun daɗe a tsibirin. Na farkonsu mutane ne da aka sayar da su ko iyayensu bayi zuwa Birazil, suka dawo da addinin Katolika da harshen Fotugis. Yarbawa suna kiran su Aguda. Wani limamin Kirista ɗan Italiya, Francesco Borghero, ya ziyarce su a farkon shekarun 1860, kuma a 1868 ƙungiyarsa ta SMA, wadda aka kafa a birnin Liyon na Faransa, ta zauna a Legas dindindin. Ba su jima ba suka buɗe makaranta. Da Fotugis aka fara koyarwa, kafin Turancin Ingilishi ya maye gurbinsa. A 1873 aka buɗe makarantar 'yan mata ta St. Mary. Babban cocinsu, wato Holy Cross, yana nan a tsibirin har yau, kuma daga Jankara mutum yana iya zuwa can da ƙafa.

To, amma maƙwabtaka daban, yarda daban. Musulmin Legas sun daɗe suna gudun makarantun mishan, don tsoron kada a raba 'ya'yansu da addininsu. Ba tsoron banza ba ne, domin yaɗa addini yana cikin manyan dalilan da suka sa 'yan mishan suka buɗe makarantu, su ma ba su ɓoye ba. Saboda wannan gudu ne gwamnati ta buɗe wa Musulmi makarantar firamare a Legas a shekarun 1890, kuma a 1923 wasu Musulmi suka kafa ƙungiyar Ansar-ud-Deen domin su gina nasu makarantu. A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan a jihohi da yawa. A 2001 gwamnatin Jihar Legas ta mayar wa masu su wasu daga ciki. Shi ya sa a yau za ku ga iri biyu: akwai makarantar da take ɗauke da sunan waliyyin Kirista amma gwamnati ce take gudanar da ita, akwai kuma wadda coci yake gudanarwa da kansa, iyaye suna biyan kuɗin makaranta. A kan ta biyun za mu yi magana.

Yini guda

A ce ga yaro ɗan shekara tara, yana aji huɗu. Mahaifinsa ɗan goro ne, mahaifiyarsa takan yi waina ta sayar a ƙofar gida. Yaron yakan tashi da asuba, ya yi salla, ya gaida iyayensa da Hausa. Da ya fita titi sai harshe ya sauya: yaron mota yana kiran fasinja da Yarbanci, mai shago yana ciniki da Turancin Buroka. Kafin ya isa ƙofar makaranta ya riga ya ratsa harsuna uku, ga na huɗu yana jiran sa a ciki.

Idan aka kaɗa ƙararrawa, yara sukan yi layi aji aji a filin makaranta. Malamai sukan duba farce da haƙora da tsabtar kayan makaranta. Daga nan sai addu'a. 'Yan Katolika sukan taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu biyu, wato alamar gicciye. Yaronmu ba ya yin haka. Yakan tsaya shiru, hannuwansa a gefe, har a gama. Wannan tsayuwa ta 'yan mintoci ba ƙaramin abu ba ce ga yaro ɗan shekara tara. Yana koyon ladabi ga ibadar wasu ba tare da ya shiga cikinta ba, abin da manya da yawa ba su iya ba. Sai a yi taken ƙasa, shugabar makaranta ta yi sanarwa, kowa ya wuce aji.

A aji ana koyar da lissafi, Turanci, kimiyya, zamantakewa, Yarbanci da ilimin addinin Kirista. An san irin waɗannan makarantu da tsanantawa a kan zuwa da wuri da kyan rubutu da aikin gida, kuma wannan ne yake jan hankalin iyaye. Lissafi bai cika ba yaronmu wahala ba, tun da yakan taya mahaifinsa ƙirga goro ran Asabar. Inda yake tuntuɓe shi ne furuci. Hausa ba ta bambanta "p" da "f" yadda Turanci yake yi, saboda haka yakan sa ɗaya a wurin ɗaya, 'yan aji su fashe da dariya. Kada ku yi saurin taya su. Ku tuna yadda kuka yi fama kafin ku raba "ƙ" da "k", ko "ɗ" da "d". Kowane harshe yana da ramin da baƙo yake faɗawa.

Lokacin da ya fi daɗi shi ne tara, wato hutun tsakiyar safiya. Haka 'yan makaranta a Arewa suke kiran sa, ko da ba ƙarfe tara aka fita ba. A nan ake musayar abinci da kalmomi. Abin da yaronmu yake kira ƙosai, abokinsa Bayarabe yana ce masa "akara". Wannan ya gutsura wa wancan waina, wancan ya ba shi burodin Agege da wake. Babu malamin da ya tsara wannan darasi, amma sau da yawa ya fi zama a kai.

Bayan an tashi, sauran yara sukan tafi gida su huta. Shi kuwa yakan ci abinci, ya sauya kaya, ya nufi Islamiyya har gab da magariba. Makaranta biyu yake yi a yini ɗaya, kowacce da nata aikin gida.

Tattaunawa

Ku karanta wannan zance biyu biyu. Mahaifin yaron ne ya je wurin wata malama wadda ta taɓa aiki a Kano, ta iya Hausa.

Alhaji: Sista, barka da aiki. Ina gajiya?

Sista: Ba gajiya, Alhaji. Sannu da zuwa. Yaya iyali?

Alhaji: Lafiya lau, mun gode Allah. Wata 'yar magana ce ta kawo ni. Yaron nan ya ce ran Juma'a za a kai su coci.

Sista: Haka ne, akwai addu'ar buɗe zangon karatu.

Alhaji: To, Sista, ba raini ba ne. Karatu na kawo shi ya yi, addini kuwa yana da nasa.

Sista: Na fahimce ka, Alhaji. Bari in gaya maka yadda muke yi, kai kuma ka faɗi abin da ba ka yarda da shi ba, tun kafin ranar ta zo.

Alhaji: Madalla. Ga kuma azumi ya kusa. Ina roƙo a sassauta masa wasan guje-guje.

Sista: Wannan mai sauƙi ne. Mu ma muna da namu azumin na kwana arba'in kafin Ista, mun san yadda abin yake.

Ku lura Alhaji bai fara da ƙorafi ba. Sai da ya yi gaisuwa, ya kira zancen "'yar magana", sannan ya ce "ba raini ba ne". Haka Bahaushe yake shimfiɗa wa magana mai nauyi tabarma kafin ya ajiye ta.

Ba kullum ake rabuwa da fara'a ba

Kada wannan zance ya sa ku ɗauka komai lami lafiya yake tafiya. Hausawa suna cewa zo mu zauna, zo mu saɓa. Makarantu sun bambanta: wata takan ƙyale yaro Musulmi ya zauna a aji lokacin ibada, wata kuwa takan ce duk wanda ya shigo sai ya bi tsarinta gaba ɗaya. Batun hijabi ya kai har Kotun Ƙoli, wadda a 2022 ta yanke hukunci cewa ɗalibai Musulmi mata suna da damar sa shi a makarantun gwamnatin Jihar Legas. A kan makarantun gwamnati aka yi wannan shari'a. A makarantar coci, uba yakan tambayi dokar sutura tun kafin ya biya kuɗi. Akwai iyayen da suke auna duk wannan su ce a'a, su kai 'ya'yansu makarantar Musulmi, kuma ba wanda zai ce ba su da hujja.

Duk da haka, inda aka zauna tare, zumunci yakan ƙullu. A taron iyaye da malamai za ku ga mai babbar riga kusa da mai ɗaurin gele, suna muhawara a kan kuɗin gyaran rufi. Ranar wasannin makaranta ba a tambayar addinin wanda ya zo na ɗaya a tsere. Da Babbar Salla yaronmu yakan kai wa abokansa soyayyen nama, da Kirsimeti su kuma su aiko da shinkafa.

Akwai wata asara da ba a cika magana a kanta ba. Yaron nan yana jin Hausa kamar kowane Bakano, amma ba a taɓa koya masa rubuta ta ba. A makarantar boko Turanci da Yarbanci yake rubutawa, a Islamiyya kuma Larabci. Idan aka ce ya rubuta wa kakarsa wasiƙa, sai ya rasa inda zai sa lanƙwasa, ya haɗa kalmomin da ake rabawa. Ku da kuke koyon Hausa a aji, mai yiwuwa kun fi shi sanin ƙa'idar rubutu, shi kuwa ya fi ku karin harshe nesa ba kusa ba. Idan akwai irinsa a unguwarku, kowannenku yana da abin da ɗayan yake nema.

Kalmomi

Zango: wurin da fatake suke sauka, ana kuma cewa zangon karatu, wato kashi ɗaya cikin uku na shekarar makaranta.

Ɗan goro: mai sana'ar sayar da goro.

Dindindin: zama na har abada, ba na ɗan lokaci ba.

Sassauta: rage tsanani.

Sista: macen da ta keɓe rayuwarta ga hidimar cocin Katolika. Limaminsu kuwa Fada ake ce masa. Ku yi hattara a nan: Fada limami ne, fada gidan sarki ce, faɗa kuma rikici ne. Wanda ya manta lanƙwasa, ko ya sa ta inda ba ta, yana iya mayar da gidan sarki filin dambe.

Nahawu: lokaci sabau

Idan aiki ya zama al'ada, ana yin sa a kai a kai, Hausa tana amfani da "kan" haɗe da wakilin suna: nakan, kakan, kikan, yakan, takan, mukan, kukan, sukan, akan. Misali: Yakan tashi da asuba. Sukan yi layi a fili. Korewarsa ita ce: Ba yakan makara ba. A maganar yau da kullum an fi cewa: Ba ya makara.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rikita "akan" da "a kan". Akan kaɗa ƙararrawa da safe: wannan al'ada ce, ana haɗewa. Littafi yana a kan tebur: wannan wuri ne, ana rabawa.

Aiki

1. Me ya kawo fatake Hausawa Agege?

2. Don me Musulmin Legas suka guji makarantun mishan da farko, kuma wane mataki aka ɗauka a shekarun 1890 da kuma a 1923?

3. Ku tsamo jimloli biyar masu lokaci sabau daga cikin darasin, ku mayar da su zuwa "na" da "mu", kamar ku ne kuke ba da labarin kanku.

4. A ce Sista ta amsa wa Alhaji cewa dole kowane yaro ya shiga coci. Ku rubuta yadda zancen zai ci gaba, cikin ladabi, a layi takwas.

5. Ku nemi wani Bahaushe a kasuwa ko a unguwarku, ku gaishe shi, ku tambaye shi irin makarantar da 'ya'yansa suke zuwa da dalilin da ya sa ya zaɓe ta. Ku kawo amsarsa aji a rubuce.