Darasi na 14: Yadda Ake Zaɓen Injin Ban Ruwa

Jama'a, damina ta wuce, lokacin lambu ya zo. A ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura mutane suna shirin dasa tumatir da albasa da tattasai. Da yawa suna niyyar sayen injin ban ruwa. Kafin mutum ya kwance lalitarsa, to, ya karanta wannan darasi. Mun sha ganin manomi ya sayar da sansa ya sayi inji, ya kai lambu, inji ya kasa jawo ruwa. Shuka ta bushe, kuɗi sun tafi.

Dā da jigo da guga kakanninmu suke ban ruwa. Daga shekarun 1980 hukumar KNARDA ta Jihar Kano ta yaɗa ƙananan injuna da rijiyoyin burtsatse a fadamu. Lokacin nan ƙasarmu tana cikin Kano, don ba a yi Jihar Jigawa ba sai 1991. Yanzu inji ya cika kasuwa, iri iri. Wanda ya dace da lambunka shi ne naka.

Fara auna zurfin ruwa

Injin fetur da muka saba da shi zuƙo ruwa yake yi, kamar yadda yaro yake zuƙar ruwa da tsinken kara. Yana janye iskar da ke cikin mesa, sai nauyin iskar waje ya danna ruwa ya hau. Nauyin nan yana da iyaka. Saboda haka inji ba ya zuƙo ruwan da ya wuce kamar mita 7 a ƙasa da shi, wato gaba huɗu. Ko ƙaramin inji ne ko babba, duk ɗaya ne. Kada mai kanti ya ce maka babba zai jawo.

Sai ka ɗaura dutse a igiya, ka zura a rijiya har ya taɓa ruwa, ka auna igiyar. Amma ka lura: ruwa yana ja da baya. Awon watan Nuwamba ba shi ne na watan Afrilu ba. Ka tambayi maƙwabta inda ruwa yake tsayawa da bazara, da wannan awo za ka yi aiki.

Ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce. Mai lambu a bakin kogin Gari, ko kusa da madatsar ruwa ta Kazaure, ruwansa yana kusa. Injin fetur ya ishe shi. Wajen Roni da Gwiwa akwai duwatsu, wani wuri da an haƙa kaɗan sai a tarar da fā. Wajen Ɓaɓura rairayi ne, a kan tudu ruwa yakan yi nisa. Idan ruwa ya ɗan wuce gaba huɗu, a haƙa rami a saukar da inji kusa da shi. Idan ya yi nisa ƙwarai, sai famfon da ake zurawa cikin ruwa. Shi turo ruwa yake yi daga ƙasa, da wutar lantarki ko da hasken rana.

Sa'an nan ka auna lambu

Da zafi, lambu mai eka ɗaya yakan sha kamar lita 28,000 a yini. Duro ɗaya lita 200 ne. Ku yi lissafi a allo: duro 140 ke nan.

Injin inci biyu, idan ruwa yana kusa, yakan ba da kamar lita 500 a minti ɗaya. Ashe cikin sa'a ɗaya ko biyu ya shayar da eka. Injin inci uku ya fi shi ƙarfi, ya kuma fi shi shan mai. Idan rijiyarka ƙarama ce, babban inji zai ƙafar da ita nan da nan, ya zuƙo yashi, ya lalace. Mai rabin eka ba ya bukatar inci uku. Mai 'yan kwamai kaɗan a bakin rafi, butar ban ruwa ta ishe shi.

Ka lissafta abincin inji

Inji kamar doki yake. Sayensa sau ɗaya ne, ciyar da shi kullum. Tun da Gwamnati ta janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kuɗin mai ya ninka.  Waɗansu manoma sun juya injinsu ya koma aiki da gas na girki. Waɗansu sun koma famfo mai hasken rana. Shi yana da tsada wajen saye, amma rana ba ta karɓar ko kwabo. Ruwansa a hankali yake zuwa, kuma sai da rana. Idan kuɗinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, maƙwabta uku ko huɗu su haɗa kai su saya, su rubuta ranar kowa a littafi. Ga amfanin karatu ke nan.

A wurin saye

Ka tafi da wanda ya san inji. Ka sa a tayar da shi, a jawo ruwa a gabanka, gani ya kori ji. Ka tambaya ko ana samun kayan gyaransa a Kazaure ko Ɓaɓura. Injin da sai an je Kano neman ƙarfensa, kafin a dawo tumatir ya yi yaushi. Ka karɓi rasit, ka karanta shi da kanka. Malamin gona na hukumar JARDA yana ba da shawara, ka neme shi.

Abubuwa huɗu na kiyayewa

1. Cika cikin famfo da ruwa kafin ka tayar. Idan ya yi gudu a bushe zai ƙone.
2. Sa rariya a bakin mesa don kada ta zuƙo tsakuwa.
3. Duba baƙin mai kowace safiya.
4. Kada kowa ya shiga rijiya ko rami mai zurfi inji yana aiki a ciki. Hayaƙinsa guba ne, yana kashe mutum.

Tambayoyi

1. Gaba nawa injin fetur yake iya zuƙo ruwa?
2. Don me ake aiki da awon watan Afrilu?
3. Idan eka ɗaya tana shan duro 140, duro nawa rabin eka za ta sha?
4. Auna rijiyar lambunka, ka rubuta zurfinta, ka kawo aji ran Litinin.